Gwangwani Biyar Daga Gwanja

Litinin, 22 ga Disamba, 1969

Ya dawo. Mutumin da ya haife ni, Alhassan, wanda ya tafi Gwanja ina ɗan shekara goma sha ɗaya, ya ce damina biyu zai yi. Yau shekarata ashirin da biyu. Ba ma don kansa ya dawo ba, korar baƙi aka yi a Gana, aka loda su a kamiyo, babbar motar kaya, kamar buhunan gyaɗa.

Ina lambu bakin tafki ina ban ruwan albasa, ƙanwata Delu ta zo tana haki, ga ciki ya fara nauyi. "Yaya, Baba ya zo!" Na ce wane Baba? Sai da na gama fangalina tas, na wanke ƙafa, sannan na tafi.

Ɗan ƙaramin tsoho ne, yana tari. Ni a raina dogo ne. Kayansa tabarma, buta, sai wani kwando. Cikin kwandon gwangwanayen madara biyar, kowanne da ɗan tsiro mai dogon ganye yana sheƙi. Tsakar gida cike da maƙwabta. Gaban kowa na ce, Inna ta mutu ba ka zo ba, an aurar da Delu ba ka zo ba, ashe shekara goma sha ɗaya ciyawa kake tara mana. Ya ɗaga gwangwani ɗaya da hannu biyu ya ce, "Shu'aibu, wannan ai..." Na ce ban tambaye ka ba.

Ya aje.

Ban yi nadama ba. Na rubuta a nan don in tuna ban yi ba.

Alhamis, 25 ga Disamba

Ya jera su bayan rumbu, inda rana ba ta kaiwa. Da ruwan butarsa yake ba su, kaɗan-kaɗan, yana magana ƙasa-ƙasa kamar mai lallashin jariri. Mu bai lallashe mu haka ba.

Delu ke kawo masa kunu daga gidan mijinta. Ta ce ta tambaye shi sunan abin, ya ce mata, "Bari yayanki ya tambaya, shi ne mai lambu."

To sai ya jira.

Juma'a, 2 ga Janairu, 1970

Tarin ya kwantar da shi. Da na leƙa ɗaukar fartanya ya kira ni daga shimfiɗa. Wai in riƙa ba su ruwa, kuma kar in kai su rana.

Ni zai koya wa shuka! Ni da na riƙe lambun nan tun ban iya ɗaga guga cike ba. Albasa rana take so, tumatur rana, barkono rana. Duk irin da aka bari a inuwa sai ya yi dogon wuya ya langaɓe, ko wawa ya san wannan a Madarumfa. Na kwashe su cikin kwando na kai lambu, na jera kan kunya, fili fetal. Huɗu ne. Na biyar Delu ta riga ta ɗauke, wai kyaun ganyen take so gindin randarta.

Ban sani ba, don na fi shi sanin shuka na kai su, ko don ya ce kar a kai.

Juma'a, 9 ga Janairu

Bakin ganyen ya ƙone. Na ƙara ruwa. Za su saba.

Laraba, 14 ga Janairu

Sun mutu, duka huɗun. Kara kawai a tsaye, in ka taɓa ganyen sai ya marmashe. Na ɗauki gwangwanayen da ƙasarsu na wurga cikin tafki ɗaya bayan ɗaya, can bayan ciyayi inda masunta ba sa jefa birgi. Ban ko zazzage na duba saiwar ba.

Ai ba ni na ce ya kawo su ba.

Juma'a, 16 ga Janairu

Na dawo masallaci ya tare ni da ido. Muryarsa ta zama kamar ta wani. "Yaya 'yan gwangwanin?" Na ce lafiya lau. Da na tsaya nan da ya isa, amma bakin nan nawa ba ya tsayawa inda ya kamata. Na ƙara da cewa har sun yi sabon ganye.

"Sabon ganye? Cikin ɗarin nan?"

Na ce eh.

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "To madalla. Hannunka na da kyau." Ya juya bango.

Tuwon dare bai shiga ba yau. Gero ne mara kyau.

Talata, 27 ga Janairu

Ya rasu da hantsi, muna shirin kai shi wajen likita a Maraɗi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. An rufe shi kafin azahar. Ni na shiga ramin na karɓe shi. Ba nauyi ko kaɗan.

Talata, 3 ga Fabrairu

Sadakar bakwai. Mutane sun zo fiye da yadda na zata, har daga garin Sarkin Yamma. An raba goro, an yi addu'a, kowa yana cewa mutumin kirki ne. Ina suka san shi? Na zauna bakin zaure ina amsa gaisuwa ina taunar goro har haƙorana suka yi tsami. Kwana talatin da shida muka yi gida ɗaya. Na lissafa maganganun da na yi masa, ba su cika yatsun hannu biyu ba, kuma ɗaya ƙarya ce.

Juma'a, 20 ga Fabrairu

Layya ta wuce. Delu ta zo da gwangwanin nan rufe da tsumma, ta aje gabana. Awakin gidansu sun fara leƙensa, ita kuma ba ta iya sunkuyawa yanzu. "Kai ne mai lambu, Yaya. Ka haɗa shi da 'yan'uwansa."

Na ce to.

"Suna nan dai ko?"

Na ce suna nan.

Ta dube ni irin duban da Inna ke yi in na dawo da riga a yage.

Na maida shi bayan rumbu. Ba don an ce ba, can ne dai awaki ba sa zuwa.

Alhamis, 5 ga Maris

Na zauna na ƙare masa kallo. Tsawonsa taƙi ɗaya da rabi. Ganye bakwai, doguwa-doguwa, kore shar, da ɗan tsini a ƙarshe kamar bakin buta. Inda ganye ya haɗu da kara akwai ɗan kumburi. Ba mangwaro ba ne, na murza bai yi ƙamshin mangwaro ba. Ba lemo ba, ba gwaiba ba, ba gwanda ba. Na ciji gefe, ɗaci-ɗaci, sai bauri.

Na ɗauko ɗan littafin nan na Faransanci mai hotunan itatuwa, wanda na tsinta ba bango. Da shi da takardun ƙunshin sabulu na koya wa kaina boko, ba wanda ya kai ni lakwal, makarantar boko. Na bi shi shafi-shafi da yatsa. Hoton duk ganye ɗaya ne in ka daɗe kana kallo. Rabin kalmomin ma ban san su ba, na yi ta haɗa baƙi kamar makaho na laluben ƙofa.

Abin da ke ci mini rai, sunan yana bakinsa. Ya buɗe baki ya fara. Ni na rufe.

Laraba, 18 ga Maris

Na kai wa Iya Mariama mai magani ganye ɗaya. Ta shinshina, ta ɗaga sama, ta lasa. "Ɗan nan, dajinmu bai haifi wannan ba. Daga tafki har kan tudu ba hakin da ban sani ba." Sai ta rage murya, wai mutanen kurmi suna da abubuwansu, kar in bar shi ya kwana kusa da ɗakin mai ciki, in ma da hali in ƙone. Na ce Iya, in ba ki sani ba ki ce ba ki sani ba, ba sai kin ɗora masa aljani ba. Ta kore ni da muciya. Gobe sai na je ban haƙuri.

Daga nan na wuce wajen malamin gona, wanda ke yawo kan ɗan babur mobilet da farar hula. Ya riƙe ganyen da yatsa biyu ya ce kakawo ne, wato koko. Ya juya bayansa ya ce a'a, kafe ne, itacen kofi. Ya yi mini Faransanci mai tsawo. Na kira shi da Faransancinsa na ce Mushe, kakawo ko kafe? Ya ce duk ɗaya ne, a nan ba ya yi. Na ce ashe hular ce ta yi karatun. Shi ma ba zai ƙara ba ni irin ganyen salati ba, na sani.

Lahadi, 5 ga Afrilu

Zafi ya sauko. Ganye biyu sun faɗi, ga wanda na tsinke, saura huɗu. Saiwa ta fasa gindin gwangwanin ta leƙo. Dole a dasa shi, amma ina? In na kai inda ba ya so, shi ke nan, babu na shida.

Masu lambu sun samu abin yi. "Shu'aibu ya yi amarya a gwangwani, ba a ganinta sai an biya tukuici!" Na ɗaga fartanya, aka riƙe ni.

Audu mijin Delu ya ce akwai wani Sule da suka shigo kamiyo ɗaya da mutumin, yanzu yana kasa goro a Ɗan Issa kusa da duwan, wurin binciken kaya na bakin iyaka. Mi ya hana shi faɗa tun tuni? Ya ce ai ban tambaya ba.

Alhamis, 16 ga Afrilu

Na je Ɗan Issa. Na aro keke, na ɗaura gwangwanin cikin kwando, na lulluɓe da jiƙaƙƙen buhu, na fita tun rana ba ta yi ƙarfi ba. Ma'aikacin duwan har ya ɗaga buhun ya leƙa, ya yi dariya ya sake ni.

Baba Sule baƙi ne siriri, haƙoransa jajur. Na gaishe shi, na ce ni ɗan Alhassan ne na Madarumfa. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba, bai ji rasuwar ba sai yau. Ya ɓare goro ya miƙo mini ɓari, na jefa baki. Sannan na buɗe buhun.

Ya kalli gwangwanin. Ya kalle ni. Sai ya tuntsire da dariya har hawaye, masu canjin kuɗi suka waigo.

"Yaro, mi kake taunawa?"

Na ce goro.

"To gaida ƙanensa."

Ban gane ba. Ya sa yatsa ya tone ƙasar gindin a hankali. Ga shi nan. Ƙwayar goro, ta yi baƙi ta yamutse, ta rabe biyu, karan ya fito daga tsakiyarta. Da na zazzage ko ɗaya cikin huɗun nan da na gani da idona.

Ya ce kar in ji kunya, duk kasuwar nan in an ɗaga ganyen ba mutum uku da za su faɗi sunansa. "Mu a huhu muka san shi. Da shi ake ɗaura mana aure, da shi ake raɗa mana suna, da shi ake rufe mu, amma itacen sai wanda ya shiga kurmi."

Sai ya ba ni labari, ban roƙa ba. Shekara huɗu mutumin yana ɗauko wa wasu goro a ka daga kurmi zuwa bakin hanya. Daga baya wani mai ƙasa ya ba shi fili ya dasa, a kan in sun haihu su raba. Itace sittin ya dasa da hannunsa. Goro kuwa sai ya shekara bakwai kafin ya nuna ƙwaya. Kullum cewa yake, bari su haihu in je gida da huhun kaina, ba zan shiga Madarumfa hannu sake ba. Bana suka fara fure. Bana aka ce kowa ya fita cikin sati biyu. Wasu suka ɗauki keken ɗinki, wasu rediyo, shi ya tafi wurin renonsa ya cika gwangwani biyar. Kwana tara a hanya. Ruwa kofi ɗaya ake ba mutum, shi sai ya jiƙa leɓe ya zuba musu sauran. A bakin iyaka da aka tsayar da su cikin rana kwana biyu, rigarsa ya tuɓe ya rufa musu.

Na ce, to ai itace ya zauna jira, mu ya bar mu. Inna ta mutu tana kallon ƙofa.

Ya ce, "Haka ne. Ni ban ce ya kyauta ba. Abin da na gani na faɗa maka."

Da ya musa da na samu abin faɗa da shi.

Ya ce biyar ne, ina sauran? Na faɗa masa. Shi ne mutum na farko. Bai zage ni ba, ya dai maida ƙasar ya danne da babban yatsa.

Na tambayi inda ake dasawa. Inuwa, amma ba duhu ba. Ƙasa mai sanyi, amma kar ruwa ya kwanta. Busasshiyar iska kar ta buge shi. Gindin babban itace, kamar yadda yake tashi a kurmi ƙarƙashin manyansa. Na ce zai haihu? Ya ce, "A nan? Ko jikanka ba zai ɓare ba. In ya ga damina uku ka yi sadaka."

Har na hau keke na juyo. Na ce Baba Sule, yana yin sabon ganye cikin ɗari? Ya ce ina, ai lokacin kwanciya yake, sai ya ji ƙamshin ruwan sama.

Na taka keken har gida ban san ta inda na bi ba.

Juma'a, 17 ga Afrilu

Ya sani. "Hannunka na da kyau." Ya sani sarai.

Lahadi, 26 ga Afrilu

Na zagaya ko'ina da ido.

Gida: itacen dogon yaro ɗaya ne, inuwarsa ba ta kai tabarma ba, ga rairayi, ga awakin maƙwabta. Gidan Delu ya fi muni. Ƙasan lambu akwai sanyi, amma da damina tafki na hawowa ya shanye wurin har gwiwa, zai ruɓe. Tsakiyar lambu kuwa na riga na ga abin da take yi.

Wuri ɗaya ne. Na san shi tun ina kan keke, ina ta kewaye shi ne kawai. Gindin mangwaron Inna, can saman lambu, gefen rijiya. Ruwa bai taɓa kaiwa can ba, ƙasar baƙa ce mai laushi don ganyen da ke zuba, gabas kuma shingen ƙaya ya tare iska. Ita ta dasa shi shekarar da ya tafi, da tulu ta rene shi. Nan na kafa 'yar rumfata, nan nake karatu, nan nake rubuta wannan. Ranar da muka rufe ta na ce a raina, ba abin mutumin nan da zai ƙara kusantar abinta.

Inda inuwar ta fi daidai, nan ƙafar rumfar take. Na auna da rana, safe da azahar da la'asar. Ba don komai ba, don in sani.

Juma'a, 8 ga Mayu

Delu ta sauka tun makon jiya, namiji, an sa masa Alhassan. Yau na je na same ta ita kaɗai tana shan kunun kanwa, na zauna bakin ƙofa na faɗa mata. Rana, tafki, ƙaryar, duka.

Ta ce, "Na sani, Yaya. Audu ya ciro gwangwani biyu cikin birginsa tun watan Layya bai tsaya ba."

Wata uku tana kallona ina cewa suna nan.

Na ce mata goro ne. Ta aje ludayi. Ta ce goro goro? Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, jaririn ya tashi.

Na kawo zancen mangwaro, na ce ba zan iya ba, hakkin Inna ne. Ta ce, "Inna ka taɓa jin ta zage shi? Ko sau ɗaya? Kai ka ɗauki zagin kana yi a madadinta. Wa ya sa ka?"

Na tashi na fita ban yi sallama ba. Yarinyar nan bakinta ya fi nawa, ita dai ba ta ɗaga murya.

Asabar, 13 ga Yuni

An yi ruwa na biyu, ƙasa ta jiƙu kamu ɗaya. Kowa ya tafi gona shukar hatsi, ni na tafi lambu.

Na cire rumfar. Dama ƙafarta ɗaya gara ta ci. Na haƙa rami har gwiwar hannu, na zuba ruɓaɓɓen ganyen mangwaro da tsohon taki. Gwangwanin ban zazzage shi ba, da wuƙa na yanka gefensa don kar saiwa ta motsa, har na yanke yatsa. Na sa shi, na maida ƙasa, na danna yadda na ga Baba Sule ya yi. Zanar rumfar ita na kewaye shi da ita ta gabas da arewa. Ganye uku suka rage.

Na yi bisimilla. Na so in ƙara wata magana, ban san wa zan yi wa ba.

Littattafaina na maida su gida cikin tukunya.

Talata, 30 ga Yuni

Bai mutu ba, bai motsa ba. Masu lambu sun ji ko mene ne, yanzu kowa sai ya biyo ya leƙa ta saman zana. Har malamin gona ya tsaya da mobilet ɗinsa, ya ce ai dama ya yi zargin haka. Na buɗe baki, na rufe. Iya Mariama ta ce in ya girma a ba ta saƙe-saƙinsa.

Talata, 21 ga Yuli

Da safe na je ɗiban ruwa. A kan tsinin akwai wani abu ɗan mitsitsi, ja-ja, a naɗe, bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Na tsuguna na daɗe. Na je na yi noman rabin kunya na dawo, yana nan.

Damina uku aka ce, in an yi sa'a. Wannan ta ɗaya ce. Gobe in sari ƙaya in ƙara wa shingen, kuma in tambayi Baba Sule abin da ake yi masa in ɗari ya zo.

Goron Baba ya yi sabon ganye. Wannan karon gaskiya ne.

Na ga abin da na rubuta: Baba, ba mutumin ba. Da alƙalamin bik ne, ba ya goguwa. A bar shi.